Gishiri Tsakanin Ƙwaya da Azurfa

'Ya'yana masu karatun kimiyya, na lura in gwaji ya ƙi, abin da kuke fara yi shi ne ƙara wuta. Ku zauna in ba ku labarin waɗanda suka sa ƙwayar sinadari guda ɗaya tak ta ba da haske.

Na'urar da suke aiki da ita, Binnig da Rohrer ne suka ƙera ta a Zurik a 1981. Allura ce mai tsini ƙwarai, ana kusantar da ita ga farantin ƙarfe har tazarar ta koma kamar nanomita ɗaya, sai ilektiron su riƙa tsallakawa. In allurar ta azurfa ce, ilektiron ɗinta suna girgiza tare a wannan ɗan tsukukun. Girgizar nan, da ake kira filasmon, ita ke tattara hasken ta turo shi waje har a iya gani.

Sai dai ƙwayar da aka ɗora kan ƙarfe kai tsaye ba ta haske. Tana samun kuzari, ƙarfen ya shanye shi tun bai zama haske ba. Ƙara wuta a nan ba magani ba ne, ƙwayar ma tana iya lalacewa. Tambayar da nake so ku saba yi ita ce: ina kuzarin yake tafiya?

A 2003, Wilson Ho da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya ta Irvine suka raba ƙwayar da ƙarfen da wata siririyar shimfiɗa da ba ta wuce da lantarki. Haske ya fito. Daga baya aka koma ga gishiri, irin na miya ɗin nan, kaurinsa 'yan atom kaɗan. Ya yi siranta, ƙarfe ya cinye hasken. Ya yi kauri, ilektiron su kasa ratsawa. A kan gishirin ne Zhenchao Dong a Hefei ta ƙasar Sin ya jera ƙwayoyi biyu a 2016, ya ga yadda haskensu ke sauyawa in sun kusanci juna. Duk wannan kuwa cikin matsanancin sanyi ake yi, a akwatin da aka zuƙe iskarsa.

Kada kuma ku raina haske don ya yi rauni. A Sitirasbog ta Faransa, a 2014, ƙungiyar Guillaume Schull ta ɗaga zaren ƙwaya guda tsakanin allura da zinariya, ya yi jan haske. Kusan sai ilektiron 100,000 sun wuce kafin ɗigon haske ɗaya ya fito, amma suka zauna suka ƙirga shi har suka tabbatar daga zaren yake fitowa.