Darasi a kan Kalman Nan Relieve

Waɗanda ke yin tafinta a cikin ikklisiya sukan yi tuntuɓe da wata kalma ta Turanci, watau relieve. Asalinta daga Latinanci ne, daga kalmar levare, ma'anarta a ɗaga abu ko a rage masa nauyi. Ku tuna da mace mai komowa daga daji da itace a ka, wata ta tarye ta a hanya ta karɓi rabi. Tafiya ba ta ƙare ba, amma wuyanta ya huta. Abin da kalman nan ke nufi ke nan.

Tana da ƙanwa, alleviate, daga saiwa ɗaya suka tsiro. Sai dai ita wannan wahala kaɗai take bi, kamar ciwo ko yunwa ko talauci, ba a ɗora ta a kan mutum. Relieve kuwa tana bin wahalar, tana kuma bin mai wahalar. A nan ne tafinta yakan ɓata magana. In ya ce warkar, ko kawar, ya yi wa mara lafiya alkawarin da mai wa'azi bai yi ba. Sauƙaƙe, ko rage, ko agaza, su ne suka fi kusa. A yi hankali kuma: Bature yakan ce an yi relieve na ma'aikaci daga aikinsa, nufinsa kuwa an sallame shi.

A cikin juyin Turanci na Sarki Yakubu, na shekara ta 1611, kalma ɗayan nan ta tsaya a madadin kalmomi dabam dabam. A Littafin Firistoci 25:35 ana zancen ɗan'uwa wanda ya tsiyace. Kalmar Ibrananci a wurin ita ce hazak, watau a ƙarfafa, a riƙe da kyau. A ganina Turancin ya yi sanyi a nan, gama ba sadakar kwana ɗaya ake nufi ba. Ayoyi biyu na gaba sun hana a ba shi rance da ruwa, domin ya zauna da rai a wurinka. Bahaushe zai ce tallafa, ya kuwa fi Bature kama gaskiyar.

A 1 Timoti 5:16 kalmar Helenanci ce, eparkeo, taimako wanda ya isa bukata. Bulus yana cewa mai bi wanda ke da gwauraye a danginsa shi ne zai ɗauki nauyinsu, domin abin hannun ikklisiya ya kai ga waɗanda ba su da kowa. Dattawan da ke raba hatsin baiko, sai su dubi wannan aya tukuna.

Kafin taro mai zuwa a karanta Ayyukan Manzanni 11:27-30, labarin yunwar zamanin Kalaudiyus, da abin da masu bi na Antakiya suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Kowa ya zo da kalmar Hausa wadda zai kira aiken nan da ita.