Kiyaye Jijiyoyin Jinin Mai Wankin Ƙoda

Sa'ad da ƙoda ta gaza, hankalin iyali yakan koma kan kuɗin wanki da ranakun zuwa asibiti. Amma abin da ya fi ɗauke rayukan masu wankin ƙoda shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini.

Lafiyayyar ƙoda takan fitar da rarar gishiri, da ruwa, da sinadarin fosfet. In ta kasa, ruwa yakan taru a jiki, jini ya hau. Fosfet kuwa yakan haɗu da kalsiyam su manne a bangon jijiya har ta sandare, zuciya ta riƙa turin jini da ƙyar.

Hannun wanki

Tun shekarar 1966 likitoci ke haɗa jijiyar da ke kai jini da wadda ke komo da shi a hannu, domin inji ya sami hanyar jan jini. Wannan mahaɗa, wadda ake kira fistula, takan ɗauki mako 6 ko fiye kafin ta ƙosa, kuma wuraren da za a iya yin ta a jiki ƙalilan ne. Saboda haka kada a auna jini ko a yi allura a wannan hannu. Kada a ɗaura masa agogo, ko a kwanta a kansa, ko a ɗauki kaya mai nauyi da shi. Kowace safiya a ɗora yatsu a wurin. In an ji ɗan motsi kamar rawar waya, lafiya. In ya yi tsit, a garzaya asibiti a ranar.

Aikin mai girki

Gishirin yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙulen miya. A rage lemon kwalba mai duhu da abincin gwangwani. Maganin da ke kama fosfet, tare da abinci ake shansa. A bar taba.

Bayan dashe

Dashen ƙoda yana rage hatsarin, amma ba ya kawar da shi. Magungunan da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda suna iya ɗaga jini da sukari. Ba a daina shansu; a dai riƙa awo, a kai wa likita sakamako. Wannan kula ta dukan gida ce, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.