Koya wa Na'ura Amsa Tambaya: Darasi Daga Iyakar Jibiya

Gabatarwa

Duk direban da ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san yadda ake ƙetare iyaka a Magama ta Jibiya. Jami'i yakan tambayi suna da kayan da aka ɗauko, direba kuwa ba ya amsawa sai ya ji tambayar. In ya isa Ɗan Isa, a ɓangaren Nijar, sai ya tarar da wani tsarin, takardu kuma cikin Faransanci. Mai karatu ya riƙe wannan misali, domin da shi za mu fahimci darasinmu.

Matsalar

Akwai manhajojin da ake sarrafawa ta hanyar rubuta umarni, irin su telnet da ftp da ssh, waɗanda kan tsaya su yi tambaya kamar jami'in iyaka. Mu ɗauka ma'aikaci zai sauya kalmar sirri a na'urori ashirin. Dole ya amsa tambayoyi iri ɗaya sau ashirin. Zuba amsoshin a fayil ba ya wadatarwa, domin ssh kan karɓi kalmar sirri ne kai tsaye daga tasha, wato allo da madannan da mutum ke zaune gabansu.

Mafita

A shekarar 1990 Don Libes, na hukumar NIST ta Amurka, ya fito da Expect, wadda ya gina a kan harshen Tcl na John Ousterhout. Dabararta ita ce buɗe tashar bogi, mai suna pty, ta yadda manhaja za ta zaci mutum ne ke rubutu. Umarnin spawn yana tayar da manhajar, expect ya jira tambaya, send ya aika amsa, interact kuma ya mayar wa mutum ragama. In ba a sauya ba, daƙiƙa 10 ake jira kafin a haƙura.

Ƙetare Iyaka

Unix da Linux da macOS duk suna da pty. Windows kuwa ba ta samar da makamancinta ba sai a 2018, da aka sa ConPTY cikin Windows 10. Shi ya sa umarnin spawn na Pexpect, takwarar Expect a harshen Python, ba ya aiki a Windows. Hatta ƙarshen layi ya bambanta: alama ɗaya a Unix, biyu a Windows. Rubutun da ya yi aiki a nan yana iya cijewa a can.

Kammalawa

Ɗalibi ya kiyaye abu uku. Kada rubutu ya aika amsa kafin ya ga tambaya. A tanadi abin da zai yi in tambayar ta sauya ko lokaci ya ƙare, domin amsar “i” a inda bai dace ba tana iya shafe aikin shekara. Sa'annan kada a ajiye kalmar sirri a fili cikin rubutun. Inda hali ya yi, a yi amfani da makullan ssh. Rigakafi ya fi magani.