SHAWARA TA GADO: ABIN YI IN GAJIYA KO SUMA TA ZO

Jama'a, a tsaya a karanta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

1. MENE NE WANNAN CIWO?

An auna jininka, likita ya ce kana da larurar hanta ta gado mai suna Gilbert. To, kwantar da hankalinka. Sunan wani likitan Faransa ne, Augustin Gilbert, wanda ya bayyana ta a shekarar 1901. Kimanin mutum 1 cikin 20 na da ita, da yawansu ma ba su sani ba.

Jajayen ƙwayoyin jini sukan yi kamar kwana 120 suna aiki, sa'an nan su mutu. In sun mutu sai su bar wani datti ruwan ɗorawa, likitoci na ce masa bilirubin. Aikin hanta ne ta sarrafa shi ta tura hanji, ya fita tare da bayan gida. Hantar mai Gilbert lafiyarta ƙalau, sai dai tana da nawa wajen wannan aiki guda. Shi ya sa wani lokaci farin ido kan yi ɗorawa, bayan 'yan kwanaki ya washe da kansa.

Daga iyaye ake gadonta. Ba a ɗauka ta cin abinci ƙwarya ɗaya, ko ta kwanciyar aure. Ba ta lalata hanta, ba ta hana aure ko haihuwa. Ba ita ce ciwon hanta nau'in B ba. Wannan ƙwayar cuta ce ke kawo shi, yana da haɗari, kuma akwai allurar rigakafinsa.

2. ABUBUWAN DA KE TAYAR DA ITA

Yunwa da tsallake abinci.
Ƙishirwa, musamman da bazara.
Zazzaɓin cizon sauro, mura, ko gudawa.
Rashin barci da yawan damuwa.
Aikin ƙarfi fiye da kima.
Jinin al'ada ga mata.

3. IN GAJIYA TA DAME KA

Waɗansu masu Gilbert kan yi kukan kasala da mutuwar jiki. Amma kada ka ɗora wa hanta kowane laifi. Ƙarancin jini, zazzaɓi, ciwon sukari da tsutsar ciki duk suna kawo gajiya, kuma suna da magani. Gajiyar da ta wuce mako biyu, zo a auna.

Ci abinci sau uku a rana. Kada ka fita gona ko kasuwa ba ka karya kumallo ba, ko da koko da ƙosai ne. Yawaita wake, gyaɗa, zogale, alayyafo, kifi da ƙwai.
Sha ruwa mai tsabta tun kafin ƙishirwa ta kama ka. In fitsarinka ya yi kauri, ruwan bai isa ba.
Yi aikin ƙarfi da sassafe ko da la'asar. Da tsakar rana nemi inuwa.
Kwanta da wuri, cikin gidan sauro.
Mai azumi ya yi sahur sosai, ya sha ruwa da yawa tsakanin buɗe baki da sahur. In ka taɓa suma da azumi, ga likita kafin ka ci gaba.

4. IN KA JI ZA KA SUMA

Suma tana zuwa ne in jini bai isa ƙwaƙwalwa ba na ɗan lokaci. Larurar Gilbert ita kaɗai ba a san ta da sumar da mutum ba. Sau da yawa yunwa ce, ko ƙishirwa, zafin rana, doguwar tsayuwa, ko miƙewa farat ɗaya.

Takan yi sallama kafin ta zo: jiri, duhun ido, gumi mai sanyi, tashin zuciya. Da ka ji haka, kada ka ce wai za ka daure. Kwanta nan take ka ɗaga ƙafafu. In babu wurin kwanciya, zauna ka sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi. Mai jan ruwa a rijiya, da mai girki, da mai tuƙi, su bar abin da suke yi tukuna.

5. IN WANI YA SUMA A GABANKA

Kwantar da shi rigingine, ɗaga ƙafafunsa bisa matashi ko kujera.
Sassauta masa tufafi, a ja baya ya sami iska.
Kada a ɗura masa ruwa ko manja a baki, zai shaƙe. Kada a cusa cokali, kada a yi masa hayaƙi.
In yana amai, juya shi ta gefe.
In ya farfaɗo sarai, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.
In minti 1 zuwa 2 ya wuce bai farfaɗo ba, maza asibiti.

6. ALAMUN DA BA NA GILBERT BA NE

Fitsari ya yi baƙi kamar shayi. Bayan gida ya yi fari. Ƙaiƙayin jiki. Kumburin ciki ko ƙafa. Aman jini. Zazzaɓi mai zafi. Ruɗewa. Suma tare da ciwon ƙirji ko bugun zuciya, ko ana cikin aikin ƙarfi. Suma ga mai juna biyu.

In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a kwana a gida.

7. HATTARA DA JIƘE-JIƘE

Shawara ta gado ba ta bukatar magani. Kada a ruɗe ka da wai jiƙon wanke hanta. Waɗansu saiwoyi da magungunan talla su ne ke ɓata hantar da take lafiya. Kada a yi tsaga, kada a yi saƙiya.

Duk sa'ad da za a rubuta maka magani, faɗa wa likita kana da Gilbert. Waɗansu magunguna, kamar atazanabir na masu ƙanjamau da irinotekan na masu ciwon daji, sai an lura ƙwarai wajen ba ka. Adana katinka na asibiti, ka riƙa zuwa da shi.

CI, SHA, HUTA. IN KA SUMA, ZO A DUBA DALILI.

Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Saƙo daga Ma'aikatar Lafiya ta Jiha