Yadda Ake Rubuta Kiɗa a Takarda

Gabatarwa

Ƙasar Zamfara ƙasa ce ta makaɗa. A Rawayya ta ƙasar Bunguɗu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi duk 'ya'yan wannan ƙasa ne. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi aiki tuƙuru wajen tattara tarihin makaɗan da rubuta baitocin waƙoƙinsu. Sai dai baiti a takarda ba ya nuna yadda murya ta hau ko ta sauka, balle yadda kotso ya amsa. Wannan ɓangare yana cikin kawunan 'yan amshi da tsofaffin kaset-kaset, alhali mutum yakan mutu, kaset kuma yakan lalace.

Ina yaro na san wani dattijo mai gangar noma a wani ƙauye kusa da Tsafe, wanda yake da take daban ga kowane gwanin noma. Da ya rasu babu wanda ya gaje shi, yau kuwa ko take ɗaya ba na iya kawowa daidai. Wannan ne ya sa ni, malamin kimiyyar halittu, na koyi rubutun kiɗa, kuma nake so ɗalibanmu na sakandare su san harsashinsa.

Abin da Kunne Yake Ji

Sauti karkarwa ce da take bi ta cikin iska. Idan aka bugi fatar ganga, ko iska ta kaɗa tantanin maƙwallato a maƙogwaron mawaƙi, karkarwar takan isa dodon kunne, ta ratsa wasu ƙananan ƙasusuwa 3, ta shiga wani sashe mai siffar katantanwa. A nan ake rarrabe sautuka kafin jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa. In karkarwar ta yi sauri sai a ji sauti siriri, kamar na sarewa. In ta yi nawa sai a ji mai kauri, kamar na tambari.

Saboda haka mai rubuta kiɗa tambayoyi 2 yake amsawa game da kowane sauti: yaya kaurinsa ko sirantakarsa, kuma wane tsawon lokaci ya ɗauka?

Tsani Mai Layi 5

Tun a ƙarni na 9 Alkindi ya yi amfani da haruffa wajen nuna sautukan kiɗa a Bagadaza. Tsarin da duniya ta fi amfani da shi a yau kuwa ya samo tushe ne daga aikin Gido na Arezo, wani malamin coci a Italiya, a ƙarni na 11.

Ana ja layuka 5 a kwance, wani bisa wani, da fili 4 a tsakaninsu. Mu kira shi tsani, domin hawansa ake yi daga ƙasa. Alamar da ta zauna a sama sautinta ya fi siranta, wadda ta zauna a ƙasa ya fi kauri. Sautukan suna da sunaye 7: A, B, C, D, E, F, G, daga nan a sake komawa A. Wannan A ta biyu tana karkarwa ninki biyu na ta farko. An daidaita cewa A ta tsakiya sau 440 take karkarwa a daƙiƙa, don haka ta samanta 880 ce, ta ƙasanta kuma 220. Shi ya sa mace da namiji sukan rera waƙa ɗaya, muryoyinsu su haɗu, ko da yake tata ta fi siranta.

A farkon tsani ana zana wata alama da ake kira mabuɗi. Wanda aka fi amfani da shi yana naɗe layi na 2 daga ƙasa, ya ba shi suna G. Da an san wannan, sauran sun fito: layukan su ne E, G, B, D, F, filayen kuma F, A, C, E. Ke nan A mai 440 tana fili na 2. Waƙoƙin gargajiya da yawa na Hausa a kan sautuka 5 suke yawo, waɗanda suke kusa da C, D, E, G, A, watau do, re, mi, so, la.

Auna Lokaci

Ɗalibi ya dafa jijiyar wuyan hannunsa. Zuciyar babban mutum da yake hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. Haka kiɗa yake da bugu a kai a kai, wanda ƙafar mai sauraro take bi. Siffar alama ita take nuna yawan bugun da sauti zai ɗauka, kuma lissafin bai fi ƙarfin wanda ya san kashe-kashen rabon gado ba:

1. Cikakkiya: da'ira mai farin ciki, ba sanda, bugu 4.
2. Nusufi: da'ira mai farin ciki da sanda, bugu 2.
3. Rubu'i: baƙar da'ira da sanda, bugu 1.
4. Sumuni: baƙar da'ira da sanda mai wutsiya ɗaya, rabin bugu.

Shiru ma yana da alamominsa masu irin wannan tsawo. Sannan ana yanka tsani da layuka a tsaye, a raba shi ɗaki-ɗaki. Lambobi 2 da suke bayan mabuɗi su suke faɗin abin da ɗaki zai ci. In an rubuta 4 bisa 4, kowane ɗaki rubu'i 4 zai ɗauka, ko abin da ya yi daidai da su.

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshensa ya riga ya bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Mu ba mai nauyi rubu'i, marar nauyi sumuni. A kalmar Bunguɗu, "bun" rubu'i ce, "gu" da "ɗu" sumuni-sumuni, jimla bugu 2. A Gusau, "gu" sumuni ce, "sau" rubu'i, jimla bugu 1 da rabi. In aka ƙara shiru na sumuni ɗaya an sami bugu 2. Ke nan "Bunguɗu, Gusau" da ɗan shirun nan sun cika ɗaki guda cif.

Inda Tsarin Ya Gaza

An gina wannan rubutu ne don kiɗan Turai, wanda ya raba tazarar da take tsakanin A da A gida 12. Kalangu bai san wannan iyaka ba. Makaɗi yana matsa tsarkiya a hammata, sautin ya sulale daga wani mataki zuwa wani yana kwaikwayon karin sautin magana. Goge da algaita ma sukan faɗa tsakanin matakan. Don haka mai rubutu ya sa 'yar kibiya a kan alamar da ta ɗan ɗara ko ta gaza, ya ja layi a karkace inda sauti ya sulale, ya rubuta baitin a ƙarƙashi, kuma ya adana muryar da ya ɗauka tare da takardar. Kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa.

Aikin Aji

Malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya nemi izinin wata tsohuwa ko wani makaɗi a unguwarsu, ya ɗauki gajeriyar waƙar gaɗa ko ta daɓe da waya. A fara da tafi har a gano bugun, a rubuta tsawon sautuka kawai. Bayan haka a nemi hawa da sauka, a ɗora su a tsani. Inda akwai kwamfuta, manhajar MuseScore kyauta ce, kuma takan rera abin da aka rubuta. A ƙarshe a miƙa takardar ga wani rukunin da bai ji waƙar ba. In ya rera ta mai ita ta gane abarta, aiki ya yi.

Kammalawa

Wannan darasi share fage ne, ƙwarewa sai da yawan gwaji. A kan kowace takarda a rubuta sunan mai waƙar da garinsu da ranar da aka ɗauka. Idan kowace sakandare a Gusau da Tsafe da Bunguɗu za ta rubuta waƙa 10 a shekara, jikokinmu za su tarar da abin da za su rera, ba su tsaya ga jin labari ba kamar yadda na tsaya game da mai gangar noman ƙauyen nan.