DARASI: MA'AUNIN ZUMUNCI A ZAMANIN SALULA

Ya ku ƴan uwa, darasinmu na wannan fitowa a kan na'urorin sada zumunci ne da yadda za mu auna amfaninsu.

Mu mutanen Bonkuku da garuruwan Dallol Boso, har zuwa Filinge da ƙasar Kurfai, mun san zafin rabuwa. Da an ɗaure damman gero sai samari su kama hanyar Yamai, Abijan, Kumasi ko Legas cin rani. A da, sai an nemi mai rubuta wasiƙa, a can kuma a nemi mai karantawa, asirin gida ya bi ta hannun baƙi biyu. Daga baya aka koma ɗaukar murya a kaset a ba direba. A 2001 salula ta fara yaɗuwa a Nijar, a 2009 aka ƙirƙiro WhatsApp, a 2013 aka ƙara masa saƙon murya.

To, kamfanoni suna auna nasararsu da yawan jama'a da lokacin da ake ɓatawa a kan waya. Mu kuwa ma'auninmu uku ne.

Na farko: wa na'urar ta shigo da shi, wa ta bari a waje? Saƙon murya ya ci wannan jarrabawa, domin tsohuwar da ba ta taɓa zama aji ba tana jin muryar ɗanta ba tare da tafinta ba.

Na biyu: me take yaɗawa? Bayan jita-jita ta jawo kashe-kashe a Indiya a 2018, kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, ya kuma game duniya da wannan doka a 2019. Mu ma mu yi wa kanmu linzami, domin Suratul Hujurati ta umurce mu da binciken labari, ta hana mu cin naman juna.

Na uku, wanda ya fi nauyi: shin ta kai mu ga aiki? Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wanda ya aiko gaisuwa ɗari amma bai aiko kuɗin maganin mahaifiyarsa ba, ko wanda ke gari ɗaya da mamaci ya wadatu da ta'aziyya ta waya, ya riƙe ɓawo ne ya zubar da ƙwaya.

Saboda haka, masu buɗe zauren ƴan gari a waya su naɗa dattijo mai tsawatarwa, su keɓe shi ga sanarwar suna, aure, rasuwa da taimakon maras lafiya. Kowannenmu kuma, kafin Juma'a mai zuwa, ya kira ɗan uwan da ya daɗe da yanke wa gaisuwa, in yana kusa ya taka ya je.

Allah Ya maido da matafiyanmu lafiya, Ya haɗa kawunanmu. Amin.