Kafin Ka Bari a Taɓa Ƙwaƙwalwar Motarka Mai Turbo

A da, idan aka ce turbo, manyan motoci da Hilux mai shan dizal ake nufi. Yanzu ƙananan motocin da ake shigo mana da su ta Legas da Kwatano ma da shi suke zuwa: Honda Accord ta 2018 mai inji 1.5, Mercedes C300 daga 2015, Golf, Lexus NX200t, da Ford masu EcoBoost. Shigowarsu ta buɗe wata sabuwar sana'a da ake kira tunin. Yaro zai zo da kwamfutarsa a jaka, ya soka waya a ramin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ce kafin ka gama shan shayi ya ƙara wa motarka ƙarfi. Sana'ata gyaran wutar mota da birenbos ce, kuma ni ma ina yin wannan aiki, don haka ba kushe shi nake yi ba. Abin da ke damuna shi ne yawan injinan da ake kawo mana a buge bayan an yi shi a gurguje.

Turbo hayaƙin inji yake amfani da shi. Hayaƙin yana juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Gudun juyawarsu kan wuce 150,000 a minti ɗaya, kuma zafin hayaƙin motar fetur a wurin kan kai digiri 900. Birenbos ke da iko da komai: iska nawa za a cusa, mai nawa nozul zai fesa, yaushe filogi zai ba da wuta, yaushe za a buɗe ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi. Mai tunin waɗannan lissafe-lissafe yake sauyawa. A motar da ba ta da turbo, ɗan abin da zai samu bai taka kara ya karya ba, domin injin iskar da ya iya zuƙa da kansa kawai yake samu. A mai turbo kuwa, da zarar an ce wa ƙofar nan ta jinkirta buɗewa, ƙarfi kan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ba tare da an kwance ko noti ɗaya ba. Mai mota zai taka totur ya ji bayansa ya manne da kujera, ya biya kuɗi yana murna.

To daga ina ƙarfin ya fito? Kamfani ne ya bar rara da gangan. Ya san motar za ta je ƙasa mai zafi, za ta sha mai maras kyau, za a makara wajen juye baƙin mai, za ta tsufa. Wannan rarar mai tunin yake cinyewa. Mu kuwa a nan, tun kafin ya zo, yanayinmu ya riga ya ci rabonsa a cikinta.

Ɗauki fetur. Yawancin fayil ɗin tunin da ake sauko da su daga intanet a ɗora wa birenbos an rubuta su ne don motocin Turai, inda mafi ƙarancin man da aka saba sha okten ɗinsa 95 ne, masu son gudu kuma su sayi 98. Ma'aunin namu bai kai 95 ba, kuma iri ɗaya ne a famfo, ba ka da zaɓi, balle ranar da tafiya ta kama ka ka sayi galan a hannun 'yan bumburutu. Man da okten ɗinsa ya yi ƙasa ba ya jure matsi. Maimakon ya ci wuta a hankali daga bakin filogi, sai ragowarsa ta fashe da kanta ta daki kan fistin. Wannan shi ne ƙwanƙwasar da ke kashe inji. Zafi yana ƙara mata ƙarfi: iskar da turbo ya matse tana ɗaukar zafi, sai ta bi ta cikin intakula ta huce, amma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, da zafin gari ya haura digiri 40, da me za ta huce? Ga ƙurar hunturu ta toshe haƙoran intakular, ga iyakilina da aka yi ta kaɗewa ana mayarwa. Birenbos na kamfani yana da sensa mai sauraron ƙwanƙwasa, idan ya ji sai ya ja wuta baya, ya rage iska. Wasu masu tunin sukan rage wa sensar nan ji don kada ƙarfi ya sauka. A ganina babu cutarwar da ta kai wannan a cikin sana'ar.

An taɓa jawo mini wata Golf da igiya. Mai ita saurayi ne, ya ce, "Oga, wallahi lafiyarta ƙalau, ina cikin wuce tirela ne kawai ta yi tari ta saki hayaƙi." Da muka cire filogi na uku, farin karansa ya tsage, jikinsa duk ɗigo-ɗigon ƙarfe kamar an yayyafa masa barkono. Muka sauke kan injin. Gefen fistin ya gutsure daidai inda ringi ke zama, jikin silinda ya karce tun daga sama har ƙasa. Na karanta birenbos, na tarar an ɗaga iska, an matso da wuta gaba, famfon mai kuma tsoho ne da ba ya iya kai man da ake nema. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, zafi ya narkar da ƙarfe. Wanda ya yi masa aikin bai ma ajiye masa fayil ɗin asali ba.

Giya ma tana da iyaka. Akwai giyar Volkswagen mai hawa 7, DQ200, wadda aka ƙera don ɗaukar ƙarfin juyi 250 a ma'aunin Nm, kuma wasu injinan 1.4 da ake haɗa ta da su tun daga kamfani a nan suke. Duk abin da aka ƙara, kuloci ne zai biya. Haka giyar CVT mai bel ta Accord 1.5. Baƙin mai kuwa, ƙananan injinan turbo masu fesa mai kai tsaye cikin silinda suna son mai lambar API SP ko SN Plus, wanda aka fito da shi don rage fashewar mai kafin lokaci idan an taka totur inji na ƙasa-ƙasa. Na durom da ake aunawa da gwangwani ba na wannan mota ba ne ko ba a yi mata tunin ba.

Sai masu son salansa ta riƙa harbi kamar bindiga a wajen biki. Ɗanyen mai ake turawa ya ƙone a bayan inji, kan fankar turbo da indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Da indomin ta lalace sai a fasa ta a zubar, a kashe fitilar gargaɗi a kwamfuta, hayaƙin kuma ya koma hancin mai talla da ɗan sahu da ke bayanka a go-sulo.

Idan ka nace sai an yi, ga yadda nake yi a garejina. Ina fara auna matsin kowace silinda, in duba filogi da koyil da famfon mai, in nemi inda iska ke tsiyaya, in wanke intakula da lagireto. Motar da ke shan baƙin mai ko take tafasa, mayar da ita nake yi sai an gyara. Ina kwafe fayil ɗin asali in ba mai mota nasa ya ajiye. Ƙarin da nake yi kaɗan ne, da man da motar ke sha kullum, ba na taɓa sensar ƙwanƙwasa, ba na goge kariyar zafi. Gwajin kuma da rana tsaka nake yinsa, AC a kunne, kwamfuta na naɗar zafin iska da yawan mai da yadda birenbos ke jan wuta baya. Idan na ga yana ja a kai a kai, sai in sauke abin da na ƙara in sake fita. Ka tambayi mai yi maka aikin ko zai nuna maka wannan naɗin bayan gwaji, kuma a kan wane okten aka rubuta fayil ɗinsa. Idan ya fara kame-kame, karɓi makullinka.